Allurar Bayan Shago

"Lamba goma sha bakwai," na kira, idona yana kan takardar da ke hannuna.

Ba wadda ta motsa. Bencin sashen mata cike yake kamar kullum. Masu ciki sun miƙe ƙafafu, wata na jijjiga jariri, wata tsohuwa na gyangyaɗi da ledar magani a cinya. Na sake kira da ɗan ƙarfi. Daga can ƙarshen benci, kusa da tagar da gilashinta ya tsage, wata mata ta miƙe a hankali tana jan mayafi a kan rabin fuskarta. Tun kafin in ga fuskar na gane takalmin, domin ni na saya mata shi.

"Umma?"

Ta tsaya cak. Sati ɗaya ke nan da aka ɗauke ni daga sashen yara aka kawo ni nan, ban kuwa gaya wa kowa a gida ba, don ban ga abin faɗa a ciki ba.

"Sista, nan aka dawo da ke?" Haka take kirana tun ranar da na fara sa fararen kaya, rabi tsokana, rabi alfahari. "Wucewa na zo yi, na ce bari in leƙo ko zan gan ki."

Makarantar da take koyarwa tana can ɗaya gefen gari, sai an hau mota biyu. Ranar Talata ce, ƙarfe goma na safe, lokacin da ya kamata tana gaban allo. A hannunta na hagu akwai katin asibiti sabo fil, na kuma ga lokacin da ta dunƙule shi ta cusa cikin jaka. Duk na ga wannan, ba abin da ya wuce ni.

"Lafiya dai ko?" na ce.

"Lafiya ƙalau. Yi aikinki, kar a yi miki faɗa."

Na raka ta har bakin ƙofa, na tsayar mata da mota, na ce ta gaida Baba. Da na dawo na tarar likita tana jira, sai na kira lamba goma sha takwas.

* * *

Iyayena ba irin ma'auratan da za ka ga kamar haya ce ta haɗa su gida ɗaya ba ne. Baba mai gyaran keken ɗinki ne, shagonsa ɗan tsukuku a bakin kasuwa, cike da kawunan kekuna da gwangwanayen kusoshi. Idan ya dawo da yamma, Umma takan tare shi da, "Ga mai baƙin hannu ya dawo." Shi kuma ya ce, "Sannu da gida, mai farin hannu," saboda allin da ba ya fita daga ƙarƙashin farcenta. Mu huɗu suka haifa, ni ce babba, kuma mun tashi muna jin dariyarsu ta bayan ƙofa ba tare da mun san abin da ake wa dariyar ba.

A shekarar da ta cika hamsin da ɗaya al'adarta ta ɗauke. Ba ta faɗa ba, na dai ga ta kwashe sauran audugar da ke durowarta ta ba ƙanwata. Daga nan zafi ya fara. Tana zaune ana hira sai gumi ya karyo mata, ta ɗauki littafin darasi tana fifita. Ba a jima ba ta ɗauki matashinta ta koma ɗakinmu na yara, wanda ya zama fanko tun da muka watse, ta ce fankar can ta fi ƙarfi. Baba ya sayo sabuwar fanka ya kafa a ɗakinsu da hannunsa. Ba ta dawo ba.

Sai ya fara daɗewa a shago. Ba faɗa suka yi ba, da faɗa ne ma da an samu abin sasantawa. Gaisuwa tana nan, abinci yana nan a kan lokaci, tsokanar ce kawai ta ɓace daga gidan, kamar yadda gishiri ke ɓacewa daga miya, ba ka ganin gurbinsa sai ka kai baki.

Wata uku bayan zuwanta asibiti, na je gida ranar Asabar. Muna zaune a falo muna ninke wanki, sai ta gyara murya.

"Sista, wata ƙawata ce a makaranta ta ce in tambayar mata ke."

"Ina ji."

"Ta ce tun da jininta ya ɗauke, in maigidanta ya kusance ta sai ta ji kamar ana yanka ta. Kuma abin ma gaba ɗaya ya fita daga ranta, ta rasa inda ya tafi. Ta ce ko akwai abin da ake yi."

Idonta yana kan rigar Baba. Ta ninke ta, ta warware, ta sake ninkewa.

Na san amsar sarai. A sashenmu, duk sati sai na yi wa mace ɗaya ko biyu wannan bayanin, cikin 'yan ƙalilan da ke iya buɗe baki. Akwai man da ake sakawa, akwai magani da likita ke rubutawa bayan an yi gwaji, a riƙa dawowa ana dubawa. Da baƙuwa ce ta tambaye ni, da na jawo mata kujera na rufe ƙofa. Amma uwata ce, rigar ubana ce kuma a hannunta. Sai na ji fuskata ta ɗauki zafi kamar yarinyar da ta tura ƙofar da bai kamata ba. Na yi dariya.

"Ke ma dai Umma, da ƙawayenki. Mace da jikoki, me kuma take nema? Ki ce mata shekaru ne, ta yi haƙuri ta riƙe carbi."

Ita ma ta yi dariya, gajeriya.

"Haka na ce mata," ta ce. Ta ɗora rigar a kan 'yan uwanta, ta ɗauki wata.

* * *

Bayan kamar wata biyu gidanmu ya canja. Na je na tarar matashin Umma ya bar ɗakin yara. Ta yi sabon kitso, ta fito da turaren da ta daɗe ba ta taɓa ba. Baba ya koma rufe shago tun rana ba ta faɗi ba, yana shigowa da 'yar ledar lemo ko ayaba a hannu. Ranar da na sake jin "mai baƙin hannu" daga bakinta, sai da na kira ƙanwata a waya na ce mata tsofaffin nan sun shirya.

"Me ya haɗa su da ma?" ta ce.

"Oho. Tsakanin harshe da haƙori wa zai shiga?"

Mun ji daɗi, dukanmu. Ni kuwa har da wani sauƙi na daban da na ji a raina, kamar an sauke mini kayan da ban yarda ina ɗauke da su ba.

Akwai abubuwan da na lura da su a cikin shekara da rabin da ta biyo baya. Muryarta ta ɗan dushe, ta ce alli ne da ihun yara. Na taɓa shiga na same ta gaban madubi tana tsige wasu gasu a haɓarta, ta ce tsufa ne, kowa da nasa. Wata rana tana zama na ga ta yamutsa fuska ta karkata gefe guda, irin zaman wanda aka yi wa allura a ɗuwawu. Na yi shekara goma sha ɗaya ina yi wa mutane allura, na san wannan zaman kamar yadda na san tafin hannuna. Na tambaye ta, ta ce ƙugu ne. Daga baya ta fara ramewa, leɓenta ya yi fari, tana hawa 'yan matakalan ƙofar gida tana haki. Na kawo mata maganin ƙarin jini, na ce ta rage aiki.

Wata ranar Laraba da rana shugabar makarantarsu ta kira ni.

"Ki zo bakin ƙofar asibitinku, muna hanya. Mahaifiyarki ta faɗi a gaban allo."

Da aka sauko da ita daga mota, zaninta ya jiƙe ta baya har ƙasa. Shugabar ta miƙo mini jakarta. Ina laluben wayarta don in kira Baba, hannuna ya taɓa wani abu mai sanyi a ƙaramin aljihun ciki. 'Yar kwalbar allura ce, saura rabi, an kankare mafi yawan rubutun jikinta. Tare da ita akwai ƙullin leda na wasu ƙananan ƙwayoyi marasa suna.

Babbar likitar sashenmu mace ce mai furfura, ba ta da yawan magana, a ƙarƙashinta nake aiki. Bayan an tsayar da jinin an ɗaura wa Umma ƙarin jini, na kai mata kwalbar ofishinta. Ta ɗaga ta saitin taga tana karanta ɗan abin da ya rage.

"Sinadarin jikin mata ne, mai ƙarfi, an gauraya shi da na maza," ta ce. "Kin san mace mai mahaifa ba a ba ta wannan shi kaɗai. Sai an haɗa da na biyun da ke hana bangon mahaifa yin kauri. Tun yaushe take yi?"

"Ban sani ba."

"Jinin kuma, ta ce mini wata takwas ke nan yana zuwa yana tafiya. Kin sani?"

"Ban sani ba."

Ta dube ni ta saman tabarau. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

An ɗebi ɗan nama daga mahaifar aka kai ɗakin gwaji, aka yi hoton ciki. Kwana goma sakamako ya fito. Ciwon daji ne, kuma ya riga ya fita daga mahaifa.

"Ba zan rantse miki cewa allurar kaɗai ce ta jawo ba," in ji likitar. "Ana samunsa a jikin matan da ba su taɓa ganin allura ba. Amma ta zuba wa wuta mai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata takwas ɗin nan. Jini bayan ɗaukewar al'ada ƙararrawa ce. Da a watan farko ta zo, da wataƙila mun cire mahaifar mun sallame ta ta koma ajinta." Ta rufe fayil ɗin. "Matsalar da ta kai ta ga allurar kuwa, kin san abin da muke bayarwa. Yana nan cikin kabad ɗin da ke bayanki."

* * *

Ana gobe za a yi mata tiyata, da la'asar, na ja labulen gadonta na zauna ina yanke mata farce. Masu ziyara sun fita, ɗakin ya yi tsit sai ƙarar fanka. Ta juya fuskarta bango.

"Sista."

"Na'am, Umma."

"Ƙawar nan tawa da na taɓa gaya miki."

"Na sani, Umma. Tun ranar na sani."

Na ci gaba da riƙe yatsanta duk da na gama da shi.

"Na san kin sani," ta ce. "Ban ga laifinki ba. Ni ma da uwata ce ta tambaye ni, da ƙasa zan nema ta tsage in shige."

Daga nan ta yi magana, fuskarta a bango, da wannan muryar da ta dushe. Ta ce da farko ta yi ta daurewa, tana cije leɓe, har ya zama in ta ji motsin Baba a bayanta sai jikinta ya ƙage tun bai taɓa ta ba. Ta ce ta rasa kalmar da za ta faɗa masa da ita. Shekara talatin da biyu suna tare, sun yi magana a kan komai, haihuwa, mutuwa, rashi da samu, amma wannan ba su taɓa ba shi suna ba, sai dai a yi a yi dariya. Da ya lalace sai ta rasa ta inda za ta kama. A wajen gyaran gashi ta ji wasu mata suna raɗa, ɗaya ta ce mai shagon tana da allura, duk sati biyu, ba a tambayar sunanka.

"Da jinin ya zo fa, Umma?"

"Na gaya wa mai shagon. Ta ce jiki ne ya farfaɗo, ƙuruciya ce ta dawo." Ta ɗan yi murmushi. "Har daɗi na ji, kin ji wauta. Mace mai koyar da 'ya'yan mutane."

"Saboda Baba kika yi duk wannan."

Sai a lokacin ta juyo ta dube ni.

"Haka kowa zai ce, na sani. Za a ce tsoron kar ya juya mini baya ne. Mahaifinki ko shekara goma zan yi a ɗakin can ba zai buɗe baki ba." Ta ja numfashi. "Don kaina na yi, Sista. Ni ma na yi kewarsa. Ina kwance a ɗakin nan naku ina jin tarinsa ta bango, in ce ashe shi ke nan, an rufe wannan shafin, ba wanda ya tambaye ni ko na gama karantawa. Ni ban ji na tsufa ba. Jikina ne kawai ya daina jin maganata."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan ranar ba, kuma ba kunyar abin da ta faɗa ba ce.

"Kar ki gaya masa," ta ce. "Zai ɗora wa kansa."

* * *

Kwana uku bayan tiyatar na je shagon gyaran gashin. Yana kan wani layi mai cunkoso, tsakanin mai sayar da katifa da mai cajin waya. Na shiga da maganganu cike da bakina. A gaba 'yan mata biyu suna wanke wa wata kai, ƙamshin man gashi ya cika wurin. A bayan wani labule mai furanni akwai ɗan ɗaki, da gado irin na gwaji, da ƙaramin firij. Mata biyar suna zaune a jere kan kujerun roba, ba wadda ta gaza hamsin. Mata ne masu kamala, irin waɗanda ake ba wuri a mota. Ɗaya na riƙe da jakar ofis, ɗaya na duba saƙo a waya da tabarau a kan hanci. Suna hira ƙasa-ƙasa suna dariya, sakin jiki irin wanda ban taɓa gani a bencin asibitinmu ba.

Mai shagon, wadda duk suke kira Anti, ta fito tana goge hannu da tawul. Na zaci zan ga muguwar fuska. Mace ce mai sanyin murya, ta kai arba'in da biyar. Na ajiye kwalbar a kan teburinta na gaya mata ko 'yar wa ce ni, da inda mahaifiyata take kwance.

Ta zauna a hankali. "Malama? Wayyo. Shi ya sa na daina ganin ta."

"Wa ya koya miki yin wannan?"

"Na yi shekara shida a kantin magani."

"Ta gaya miki tana zubar da jini, kika ce ƙuruciya ce."

"Da yawa suna gani. Mai kawo mini kayan ya ce ba komai ba ne, alamar yana aiki ce." Ta dubi kwalbar, sannan ta dube ni. "Ban yi don in cutar da ita ba, Allah ya sani. Ranar da ta fara zuwa, awa guda ta yi tana kuka a kujerar nan da kike tsaye kusa da ita. Ta ce ta je asibiti ta kasa shiga. Ta ce ta tambayi wata ma'aikaciyar lafiya da ta sani, aka yi mata dariya aka ce ta riƙe carbi. Ni dai na saurare ta. Abin da na sani na ba ta."

Duk maganganun da na zo da su suka watse. Na juya ga matan da ke zaune na ce musu allurar nan tana iya kisa, duk wadda ta ga jini ta je asibiti yau, kar ta kai gobe. Suka sunkuyar da kai. Mai jakar ofis ta tashi ta fita. Sauran huɗun ba su motsa ba, jira suke in tafi.

Na rubuta ƙorafi na kai inda ya dace. Aka zo aka garƙame shagon da kwaɗo. Kafin wata ya cika na ji an ce tana yi a wani gida, a wata unguwa, sai an kira waya a yi kwatance.

* * *

Ban riƙe wa Umma sirrinta ba. Baba ne ya tsare ni a barandar asibiti wata rana da azahar, yana zaune kan benci da kwandon abincin da ta kasa ci.

"Zauna nan," ya ce. "Na ji likita tana maganar allura. Wace allura ce?"

Na zauna a gefensa ina kallon ƙasa, na gaya masa. Na zagaya, na kauce, amma na faɗa. Bai katse ni ba. Hannayensa suna kan gwiwa, baƙin man keke ya zauna a cikin layukan fatarsu.

"Ciwo take ji?" ya ce a ƙarshe. "Duk lokacin nan ciwo ne?"

"E, Baba."

Ya gyaɗa kai ya fi sau biyar.

"Ni na ɗauka warina take ji. Na ce mutum ya tsufa, ga man inji, ga gumi. Sabulu ba irin wanda ban saya ba. Akwai wanda ya sale mini wuya, na yi sati ina ɓoye shi da rawani." Ya yi wata dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Na ce tun da ta gaji da ni, kar in zame mata kaya. Shi ya sa nake zama a shago. Wani lokaci ba aikin komai, keken da na gyara nake kwancewa in sake ɗaurawa."

"Da ta dawo ɗakin ba ka tambaye ta ba?"

"Tsoro na ji. Na ce in na tambaya kar ta sake ɗaukar matashinta." Ya goge fuska da tafin hannu. "Na ga jini a zanin gado, sau biyu ko uku. Ta ce ba komai. Na yarda, don ina so in yarda."

Ya tashi ya bar kwandon a wurin, ya shiga ɗakin. Na ga ya ja labulen gadonta. Awa biyu suka yi. Nas ɗin da ke bakin aiki ta zo za ta auna ta, na roƙe ta ta ɗan jinkirta. Ban ji abin da suka faɗa ba. Sau ɗaya dai na ji dariyar Umma, dusasshiya, ta ƙare da tari. Maganar da ta gagare su shekara uku, awa biyu ta ɗauka.

Wata goma sha ɗaya ta yi bayan haka. Maganin dajin ya zubar mata da gashi, ya hana ta cin abinci. Baba ya rufe shago, shi ke yi mata wanka, shi ke juya ta. Ta rasu wata safiyar Litinin, kanta a kan cinyarsa, ina haɗa mata ruwan zafi a kicin.

* * *

Kafin mutane su fara cika gidan, Goggo, yayar Baba, ta tara mu a ɗaki.

"Duk wanda ya tambaya, ciwon ciki ne," ta ce. "Mace ta rayu da mutuncinta, ba za a bar ta a bakin mutane ba. Kun ji ni?"

Ƙannena suka ce sun ji. Kwana biyu ina zaune a falo ana shigowa ana fita, ana tambaya, ina jin bakina yana cewa ciwon ciki.

A rana ta uku malaman makarantarsu suka zo a ƙungiya. Da suka tashi tafiya, ɗaya ta tsaya a baya, malamar da ajinta ke kallon na Umma shekara goma sha biyar. Ta yi kuka sosai da ta shigo, kukan gaskiya. Ta biyo ni kicin da kofuna a hannu kamar mai taya aiki, ta tura ƙofar da ƙafa.

"'Yata, wata 'yar tambaya ce, kar ki ga rashin ta-ido. Akwai wata mai gyaran gashi da marigayiya take zuwa wajenta. Na je an ce ta tashi. Ko wayar mahaifiyarki tana hannunki, ki duba mini lambarta?"

Na ajiye butar da ke hannuna. Na jawo mata kujera na ce ta zauna. Na gaya mata komai, da sunan kowane abu, allurar, jinin, wata takwas, abin da aka gani da aka buɗe cikin. Na gaya mata akwai magani na gaskiya, kuma likitarmu mace ce, ta girme ta ma, zan haɗa su ba sai ta bi layi ba, ba kuma sai na shiga ɗakin ba. Ta saurara har ƙarshe, hannunta a kan baki.

"Allah ya jiƙanta," ta ce. "Kwana ne ya ƙare, 'yata. Zan duba in ga ranar da ba ni da darasi."

Ta gyara mayafi ta fita. Na tsaya wanke kofunan. Ta tagar kicin ana hango ƙofar gida, inda takalman masu gaisuwa suka taru. Na ga ta sunkuya tana neman nata. Wata dattijuwa da ban sani ba ta dafa kafaɗarta, suka matsa gefe kusa da bango, suka haɗa kai. Dattijuwar ta ciro waya daga jaka, ta nisanta ta da idonta tana karantowa a hankali, malamar kuma tana rubutawa da biro a tafin hannunta.